Zuwa Ga Mafi Ƙarancin Albashi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ko da yake masu karɓar ka sun ce ba ka kai tsakiyar wata da rai. Na rubuto ne in jajanta maka. Duk lokacin da aka zauna batun ƙara maka girma, sai masu masana'antu su rantse cewa in aka matsa, za su naɗe tabarmarsu su koma Ghana. Har an mai da kai dodon da ke korar masu zuba jari.

Ni dai na bi sawunka, ban ga alamar ƙarfin nan ba. A 2011 kana naira 18,000, a 2019 ka zama 30,000. A 2024 'yan ƙwadago suka buɗe ciniki da 615,000, aka yi ta albarka har aka sallama ka a 70,000. Doka ma ta hana ka shiga wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Wanda ke hangen buhun shinkafa daga nesa, da wane ƙarfi zai tuge masana'anta?

Ko kai ne ka rufe masaƙun Kakuri a Kaduna, ka mai da rabin Sharaɗa da Bompai kango? Iya sanina, rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri ne suka yi wannan aiki. Lokacin da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a ƙasar nan, kana ɗan ƙanƙani, ko 18,000 ɗin ba ka kai ba. Da Procter & Gamble ya ce zai koma shigo da kaya a ƙarshen 2023, da dala ya yi kuka. An bar jaki ana dukan taiki, don kai ba ka da bakin ramawa, janareta kuwa kowa na jin tsoron fushinsa.

Shawarata, in an sake kiran ka gaban kwamiti, kada ka je kai kaɗai. Ka riƙo hannun kuɗin dizal, da harajin da ake karɓa sau uku a kan kaya ɗaya, da shingayen hanyar Legas zuwa Kano. A jera ku, a auna kowa, sannan a yanke hukunci.

Kafin nan, don Allah ka riƙa zuwa a kan lokaci.

Naka,
Mai jiran ƙarshen wata