Zuwa ga taubashina, sarkin zaman rumfa

Bronx, New York

Hoton bikin ƙanwarka ya iso, kowa ya yi kyau. Tambayata ɗaya ce: abin nan da ya tura babbar rigarka gaba, kuɗin ciniki ne ka ɓoye ko tumbi ne? Kai ne fa a da kake saɓa dilar atamfa daga bakin titi har cikin Kantin Kwari ba ka sauke ba. Yanzu an ce ko butar alwala sai ka ƙwala wa yaron shago kira.

Bari ka sha labari. A ƙasar nan mutum zai tashi daga aiki, ya biya kuɗi duk wata, ya shiga wani gida da ake kira jim ya ɗaga ƙarfe, ya ajiye shi daidai inda ya ɗauka, ya goge gumi, ya tafi yana murna. Da 'yan dakon Kwari za su ji wannan, da sun ce a kawo musu mutanen nan su taya su sauke tirela, kowa ya huta. Kuma ba samari kaɗai ba. Akwai wata dattijuwa a jim ɗin unguwarmu, ta haura saba'in, takan riƙe ƙarfe a hannu biyu, ta durƙusa ta miƙe, ta durƙusa ta miƙe, fuskarta fes. Na rantse da za ku yi kokawa, ba kai zan tsaya wa ba.

Amma kada finafinai su ruɗe ka ka ɗauka duk Ba'amurke mai ƙwanji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da minti 150 na tafiya da sauri ko makamancinta. Da CDC, hukumar lafiya ta Amurka, ta ƙidaya a 2020, kashi 24 cikin 100 ne kawai na manyan Amurka suka cika sharuɗɗan biyu: maza kashi 28, mata kashi 20. Mai kuɗi ya fi talaka cikawa, matashi ya fi dattijo. Ni kuwa dalilin a gabana yake. Ɗan'uwanmu da ke tuƙa tasi daga asuba har dare, ko 'yar'uwarmu mai aiki biyu ga yara na jiranta a gida, yaushe za su samu sararin ɗaga ƙarfe? Akwai sanduna a filayen wasa da samarin Harlem ke lilo a kai kyauta, sai dai da ƙanƙara ta sauko fili ya zama wayam. A watan Janairu kuwa jim yakan cika maƙil da masu alkawarin sabuwar shekara, kafin Maris rabinsu sun ɓace.

A gida abin a juye yake. Talaka ne mai ƙarfi, ɗan garuwa da manomi da mace mai daka. Da Allah ya buɗa wa mutum, sai ya sayi mota da kujera mai laushi, a fara ce masa ranka ya daɗe, tsoka kuma ta fara sallama.

Nan zan ajiye wasa kaɗan. Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Daga shekara 30 tsokar ɗan'adam takan soma raguwa, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Na ga dattijo da hankalinsa garau, ga kuɗi, amma ba zai iya tashi daga bakin gado ba sai na sa hannu a hammatarsa, yana kau da kai don kunya. Duk ranar da na ɗaga shi sai na tuna sahun kujerun da ke ƙaruwa a masallatanmu. Ba na son in dawo in tarar da kai a wannan sahu kana da shekara hamsin.

Ba sai ka nemi jim ba. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, ka ɗauke ta ka zagaya tsakar gida sau biyu a mako. Ka zauna a kujera ka miƙe sau goma ba tare da dafa gwiwa ba. Inna ma ka lallaɓa ta ta riƙa yin na kujerar, a hankali, wani yana kusa da ita. In yara sun yi maka dariya, ka ce umarnin ubangidanka ne na Amurka.

Ka gaida Inna da Baffa da Gwaggo. In an samu mai tahowa, a aiko min da yaji da kuka. Ban da kilishi, don a filin jirgi ake ƙwace shi, gara ka cinye abinka bayan ka gama da jarka.

Naka,
Taubashinka kuma ubangidanka