Ladubban Miƙa Kalmar Sirri ga Rumbun Bayanai Ba Tare da Ta Salwanta a Hanya ba

Layin umarni, wato allon nan da masu kula da kwamfuta ke rubuta mata abin da suke so da haruffa maimakon latsa hotuna, ba ya kai saƙo kai tsaye, domin akwai tsarin da ake kira shel a tsakani, kuma wanda ya fi yaɗuwa a Linux shi ne Bash, wanda Brian Fox ya rubuta aka fitar a 1989. Halin Bash irin na ɗan aike mai karambani ne, wanda duk wasiƙar da aka ba shi sai ya buɗe ya karanta, ya aiwatar da abin da ya zaci da shi ake, sannan ya miƙa ragowar.

Ladabi na farko shi ne sanin alamomin da ke tsokano wannan karambani. Wanda kalmar sirrinsa take Tuwo$Miya zai ga rumbun bayanai ya hana shi shiga, saboda Bash yana ɗaukar duk sunan da ya biyo bayan alamar dala a matsayin ma'ajiyar da za a zuba abin da ke cikinta, kuma da yake babu ma'ajiya mai suna Miya, gayan Tuwo kawai ke isa. Mai Fura!Nono kuwa, alamar motsin rai za ta tura Bash laluben tsofaffin umarnai yana neman wanda ya fara da Nono, yayin da mai Kosai&Koko zai tarar an raba masa karin kumallo biyu, an tafi da rabin farko, an ɗauki Koko a matsayin sabon umarni. A nan ne manhajar rumbun bayanai ta MySQL ke fito da kuskure mai lamba 1045, mai aiki ya shiga zargin intanet da abokan aikinsa, alhali babu ruwansu.

Ladabi na biyu shi ne killace kalmar da alamar zance tilo, kamar haka: 'Tuwo$Miya', domin Bash ba ya taɓa komai a cikinta. Tagwayen alamar zance ba su wadatar, tunda dala da alamar motsin rai suna ci gaba da aikinsu a ciki. Haka kuma a MySQL ba a barin fili tsakanin -p, alamar da ke gabatar da kalmar sirri, da ita kalmar, in ba haka ba sai a ɗauke ta a matsayin sunan rumbun.

Ladabi na uku ya shafi adireshin haɗi, wato layi guda mai ɗauke da suna da kalmar sirri da mazaunin rumbun, inda @ ce ke raba kalmar da mazaunin. Masa@Yaji sai an rubuta ta Masa%40Yaji, kamar yadda # ke komawa %23, ita kanta % kuma ta koma %25.

Ladabi na huɗu, wanda ya fi sauran daraja, shi ne kada a ba ɗan aiken wasiƙar ma sam, domin kalmar da aka rubuta a layin umarni tana kwana a fayil ɗin .bash_history. Idan aka rubuta -p kaɗai, MySQL da kansa zai nemi kalmar a ɓoye. Masu amfani da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL kuwa suna ajiye tasu a fayil ɗin .pgpass, suna sa alamar \ kafin duk ruwa biyu da ke cikin kalmar, su kulle fayil ɗin da izinin 0600, wanda in babu shi za a yi watsi da fayil ɗin.

Abin da bai dace ba ko kaɗan shi ne mai aiki ya fusata ya mayar da kalmarsa 123456, domin yin haka hukunta marar laifi ne, kuma buɗe wa ɓarayi ƙofar bayanan jama'ar da aka ba shi amanarsu ne.