Hajiya Kaka, Na Yi Miki Kishiya

Houston, Jihar Texas, Amurka
Watan Satumba

Zuwa ga uwargidana Hajiya Kaka, a Bacirawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi, damina kuma ta yi albarka. Auta, kai da za ka karanta mata, ka ɗaga murya, kada ka tsallake ko layi ɗaya, ko da ta ɗauko muciya.

Hajiya, gyara zama ki ji: na yi miki kishiya. Ba sadaki, ba lefe, ba gara. Sukari kaɗai ta nema, kuma a nan halinku ya zo ɗaya, don duk gidanmu an san mai ƙara ƙwaya biyu a kokonta da zarar an juya baya.

Kwantar da hankalinki, tsuntsuwa ce. Mutanen nan na ce mata hummingbird, kuma duk duniya ba a samun irinta sai a nahiyar Amurka, ta Arewa da ta Kudu, inda aka ƙidaya iri fiye da 350. Wadda ke zuwa bayan ɗakina giram 3 ce kacal. A ɗora ta a sikeli da ƙwayar sukarin kwali guda, sukarin ne zai rinjaye ta. Bayanta kore shar mai sheƙi, maƙogwaro fari, baki dogo siriri. Namijin shi ne ɗan gayu: maƙogwaronsa ja wur idan rana ta buge shi, yana kau da kai kuma sai ki ga ya koma baƙi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shanta. Ba sai ta sauka ba. Tsayawa take cak a iska, fukafukan na kaɗawa wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya, har ido ba ya ganinsu, sai dai kunne ya ji ƙugi. Ta zura baki ta sha, ta ja da baya, da baya fa Hajiya, ba tare da ta juya ba, ta dube ni ido cikin ido, ta koma ta sake zurawa. Masana sun auna zuciyarta tana cikin tashi, suka samu tana bugawa sau 1,200 a minti guda. Ko ranar da aka ce miki an ga maciji a rumbu, na tabbata taki ba ta kai haka ba. Ikon Allah ke nan, wallahi.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, sa'arki ce, ita ta haɗa auren. Ta ba ni kwalba mai jan gindi da 'yan ramuka a jiki, ta koya mini haɗin: ludayi ɗaya na farin sukari, ludayi 4 na ruwa, a tafasa, a bari ya huce. Ta ja kunnena kan zuma, ta ce saurin lalacewa take a ruwa har ta sa musu cuta, kuma kada a zuba kala, jan kwalbar ya isa ya jawo su. A rataye a inuwa. Da zafi irin na Houston, bayan kwana biyu sai a zubar, a wanke, a yi sabo. Shazumami kuwa, ashe har Amurka suna da dangi. Rana guda suka yi layi a kan igiyar. Maganinsu ɗan kofin ruwa da ake ɗaurawa a saman kwalbar, su zo su tarar da kogi su koma. Na kuma shuka mata furanni ja masu dogon wuya a gindin katanga. Cefanen nama ita ke yi wa kanta, da ƙananan ƙwari da 'ya'yan gizo-gizo.

Sai dai akwai kishi! Ɗaya za ta ɗare kan reshe ta kasa ta tsare, duk wadda ta matso kwalbar ta bi ta da gudu har bayan katanga. Dole na sayo kwalba ta biyu na rataye a ɗaya gefen gidan, inda ba sa ganin juna. Na raba musu ɗaki, aka samu zaman lafiya.

Amaryar tawa 'yar ci-rani ce. A wannan watan suke taruwa a gaɓar tekun Texas, su yi ta sha har nauyinsu ya kusa ninkawa, sannan su nufi Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Da yawansu ta saman teku suke ratsawa, kusan kilomita 800, ba reshen hutawa, ba ruwan sha. Sai wajen Maris su dawo. A wani gari na bakin teku da ake kira Rockport, duk Satumba biki ake shirya musu. Manyan mutane da furfurarsu su kama ɗakin otal, su rataya tabarau mai hangen nesa, su wuni suna kallo. Kuma tun 1918 dokar ƙasar nan ta hana kama irin waɗannan tsuntsaye ko kashe su. A gaya wa rundunar 'yan danƙo ta ƙofar gidanmu, da a nan suke, da tuni alƙali ya san sunayensu.

Hajiya, kin san abin da ya sa na damu da ita haka? Tana tuna mini da sha-kaucin nan na ɗorawar bayan gida. Ba dangin juna ba ne. Namu na Afirka da Asiya ne, kuma shi yawanci sai ya dafa reshe yake sha. Amma sana'arsu ɗaya. Na tuna yadda kike nuna mini shi da damina, namijin da korensa mai walƙiya, ja a ƙirji, da dogon bindi. Furen kauci yakan zauna a rufe, sai ya zo ya tsokane shi da baki, furen ya buɗe fat ya watsa masa gari a goshi, shi kuma ya kai wa wani furen. Sannan ga kaskon ruwan da kike ajiye wa tsuntsaye a gindin darbejiya duk bazara, kina cewa sadaka ce, bakin da ba ya iya roƙo ya fi cancanta. Ke kika fara wannan aiki, ni gado na yi.

Don haka ga roƙona. A bar sha-kauci ya sarara, bai taɓa cin zangarniyar kowa ba. Yaran su kai ƙarfinsu gona, su buga gwangwani su kori jan-baki daga dawa. Auta, ka samu kwalba ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka yi haɗin nan ka rataye kusa da ɗorawar, mu ga ko zai amsa gayyata. Sukarin ya zauna a hannunka, kada ka ba Hajiya ajiya. In ya zo, ka ɗauke shi hoto ka turo mini ta WhatsApp.

Kuɗin masu girbin gero suna wajen Kawu. A cika rumbu tukuna kafin a yi zancen kai saura Dawanau. A gaida Baba da Inna, da Goggo, da Malam Liman, da duk mutanen unguwa. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam.
Jikanki na Houston