Shayin Randa da Mutanen Majalisa

A Turba, kamar sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, shayi abin wuta ne. Ko a watan Afirilu, lokacin da bazara ke kai maƙura har jaki ya samu gindin bedi ya ƙi motsi, za ka tarar da mazaje sun kewaye kurfoti suna fifita gawayi, gumi na tsiyaya, ana jiran buta ta tafasa. Ba mai ganin abin mamaki a nan. Abin mamaki shi ne mutum ya shigo majalisa da shayin da bai taɓa ganin wuta ba.

Yin sa ba wani asiri. Bayan isha'i ka zuba ganye kamar cokali biyu a gora mai tsabta, ka cika ta da ruwan da ka yarda da shi, ko wanda aka tafasa ya huce. Ka jefa na'a-na'a da ɓawon lemun tsami, ko citta da ƙwayar kanumfari biyu. Ka toshe, ka saka cikin randa, ka yi kwanciyarka. Da asuba ka tace. Ruwan sanyi ba ya fizgo ɗaci da baurin ganye yadda tafasasshe ke yi, don haka abin kan fito garau, launin zuma, ƙamshi ya riga ɗanɗano isa. Mutanen Japan sun daɗe suna yin irinsa. Ni ina son sa ƙwarai. Amma amfaninsa mafi girma a wurina shi ne yadda kofi ɗaya ke tona halin mutum.

Wanda ya fi jin zafin abin shi ne gwanin buta. Kowace majalisa tana da nata, ba zaɓensa ake yi ba, shi ke naɗa kansa. Yana da 'yar buta shuɗiya da hayaƙi ya cinye gindinta, da ƙananan kofunan gilashi waɗanda ba ya yarda yaro ya wanke. Ganyensa koren nan ne na ƙasar Sin da ke shigowa ta Maraɗi, kuma in ba Achoura ba ne sai ya shinshina kwalin ya ture. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019, kowa na kukan shinkafa, shi kukan ganye yake yi. Wajen Buzaye ya koyi haɗi, yana kuma so ka san haka. Zagaye uku ne, ba ragi: na fari mai ɗaci, na biyu daidai, na uku na yara da baƙin da ba a so su daɗe. In zai zuba, yakan ɗaga buta sama da kafaɗarsa, shayi ya sauko siriri cikin kofi ba ɗigo ɗaya a ƙasa, ya mayar, ya sake, har kumfa ta kai rabi. Duk wannan yana yi yana kallon wani wuri, don a san hannu ya riga ya haddace.

Da na miƙa masa nawa, bai karɓa ba.

"Mi an nan?"

"Shayi ne, Yaya."

"Wa yad dahwa shi?"

"Ba kowa. Cikin randa ya kwana."

Ya dube ni, ya dubi gorar. "To, wanka dai kay yi ma ganye."

An yi dariya, shi bai yi ba. Kuma in za a faɗi gaskiya yana da hujja, ko da ba ita yake faɗa ba. Haɗinsa kan ci sa'a guda, wani lokaci biyu, kuma wannan jiran shi ne majalisar. A cikinsa ake jin kuɗin taki, ake sanin wanda ya ɗaura aure da wanda ya tafi ci-rani bai aiko ba. Ba banza ba samarin Nijar, tun da fada-fada, wato majalisunsu na hira, suka yaɗu daga Damagaram a shekarun 1990, ba su kafa ɗaya sai da buta. Shayin randa kuwa ka kurɓe shi a tsaye, ka goge baki, sai me? Ya ɗauke wa mutane dalilin zama.

Likitan majalisa bai damu da wannan ba. Shi tambayarsa ɗaya: "Maganin mi na?" A saninsa duk abin da ya kwana cikin ruwa jiƙo ne, jiƙo kuwa na shawara ne, ko basir, ko ciwon baya. Na ce don daɗi kawai ake sha. Ya yi murmushin wanda ya gane ana ɓoye masa lakani. Bayan an watse ya ja ni bayan danga, ya rage murya: "Tsakaninmu, na manya ne ko?" Har yau yana ganin rowa nake yi masa. Yana da ƙane a wannan fanni, mai tsoron sanyi, wanda ya rantse abin zai shiga ƙashi ya fito a gwiwa in an tsufa. Wannan mutum kullum da rana sai ya sha hura da ƙanƙara.

Akwai mai fatawa, wanda bai sauke ba amma ya saurari kaset da yawa. Shi kwanan ne ya dame shi, kada abu ya tsima ya koma wani abu. Aka ce masa ganye da ruwa ne, ko sukari babu, a dare ɗaya ba inda za su. Ya ce a dai yi hattara, ya yi bisimilla, ya sha kofi biyu.

Ɗan sukari ya fi kowa saurin yanke hukunci. Shi dama ba shayi ke kawo shi ba. Ya zuba cokali uku, ya juya, ya juya, sukari ya kwanta a gindin kofi yana kallonsa, don ruwan sanyi ba ya narkar da shi da wuri. Ya shanye ruwan yana ɓata rai, ya sa yatsa ya kwashe abin da ya zo nema.

Sai malamin makaranta, wanda ba ya iya shan abu sai ya ba da tarihinsa. Ya riƙe kofi ya fara daga ƙasar Sin, ya biyo da ganyen ta Maroko, ya ɗora shi a raƙuman ayari a ƙarni na 19 har ya ratso Sahara ya iso hannun Buzaye. Ya tunatar da mu cewa Nijeriya ma tana noma nata a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, Kenya kuma ta fi kowa nomansa a Afirka. Ya ce shayi mai ƙanƙara ya yi suna ne a wani baje koli na birnin St. Louis a Amurka cikin 1904. Duk gaskiya ne. Kafin ya gama, shayin ya yi ɗumi a hannunsa, ya kurɓa ya ce bai ji wani sanyi ba.

Mai shayin tebur na bakin hanya ya ba ni mamaki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sheƙa shayi tsakanin kofuna biyu don ya huce, na ɗauka shi zai fara marhaba da wanda ya zo a huce. Ya ɗanɗana, ya yi shiru, na ga leɓensa na motsi. Lissafi yake yi. Ba itace, ba gawayi, wannan riba ce. Amma ba madara, ba Bournvita, ba mai cewa a yi masa kauri, kuma burodi ba ya shiga ruwan sanyi ya fito da mutunci. Ruwan bunu ma da ƙyar yake sayar da shi ga wanda aljihunsa ya yi sanyi, balle wannan. Ya mayar mini da kofi, ya jawo littafin bashi, ya ce tunda na zo, akwai ƙwai biyu tun ƙarancin kuɗin 2023 da na ce na yi tiransifa.

Mai labari shi ma yana bayan gwanin buta, don labarinsa ba ya ƙarewa a kofi ɗaya. Tauraronsa ya haska a 2021, da aka katse layukan waya a wannan yanki, mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar a kan tudu. Shi ne rediyo, shi ne jarida. Yanzu da halin tsaro ya sa majalisa ba ta kai dare kamar da, kowane minti yana da tsada a wurinsa, ba zai yarda a rage masa zagaye uku zuwa kurɓi ɗaya ba. Kusa da shi kullum akwai mai cewa "ni ba na sha, ɗan ɗanɗana mini dai." A hannunsa gorar ta ƙare.

A cikin gida kuwa ba wanda ya yi mamaki. Uwargida ta saurari bayanina kan Japan har ƙarshe, tana tankaɗe, sannan ta ce, "Malam, tsamiyar kunu da kake sha, wa ya taɓa dafa ta? Jiƙa ta ake yi. Zoɓo ma in ba itace haka muke masa." Ta ƙara da cewa gorata ta bar mata randa, don kanumfari ya kama moɗa, yara na cewa ruwa na warin magani. Dole na sayi tulu nawa.

Da azumi ya zo sai na lura ganyena na raguwa fiye da shan da nake yi. Ashe ita ke ɗiba, ta haɗa da zoɓo da citta, ta narka sukari daban a ruwan zafi ta zuba, ta ƙulla a leda, yara su fita da shi gab da shan ruwa. Gwanin buta ma yana aikowa a saya masa biyu, da sunan zoɓo. Na ce to, a riƙa ba ni kuɗin ganye. Ta ce in fara biyan hayar randa ta watannin baya.