Kaya a Ɗaki, Masu Gida a Waje

Masu cewa gidajen haya na Tawa sun yi ƙanƙanta ba su yi wa magina adalci ba. Ɗaki da salo ya ishi miji da mata da ƴaƴa uku. Waɗanda wurin ya yi wa kaɗan su ne gado, da armuwar mai ƙofa shida, da kujeru, da jeren kwalla, domin su ne ainihin ƴan haya. Mutane kuɗin wata kawai suke biya.

Gado ne babban gida. Lokacin aure ba a auna ɗakin amarya ba, gadon ɗiyar maƙwabta aka auna, aka ce kafinta ya ƙara taki ɗaya. Sai da aka cire ƙyaure ya shiga, kuma ba zai fita ba sai da gatari. Kusa da shi kwanoni ne jere har rufi, ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Aikinsu a wanke su ranar jajibirin salla, ƴan barka su ƙirga su da ido.

Sai tsarabar ɗan bida. Ba'adare in ya dawo daga Abijan ko Libiya, ba ya shigowa da hannu biyu. Ga tele da ta fi bango faɗi, ga barguna cikin jakarsu a garin da zafi ke korar kare daga rana, ga firigo da aka mayar ma'ajiyar takardun haihuwa. Kwalin ma ba a yar da shi, don shi ne shaidar cewa sabuwa aka saya.

Wata rana maigida zai ga bidiyo a TikTok: mutanen Japan na naɗe shimfiɗa da safe su tura cikin bango. Sai ya tashi da ƙarfinsa.

"Hajiya, yau za mu gyara wanga ɗaki. Kwanonin ga su tahi."

"Malam, waɗanda inna ta sai mini? In ƴan uwana sun zo, mi za ni ce musu? Fara da naka."

Nasa kuwa: tayar babur da ta mutu, rediyo uku marasa magana, da buhun simintin Malbaza da ya saya a 2017, lokacin bikin Tawa Sakola, da niyyar fara gini. Tuni ya daskare, yara sun mayar da shi kujera. Kowane ɗaya yana da ranarsa, in ji shi. Haka za a wuni ana ja ana turawa, armuwar ta koma gabas, gado ya koma yamma. Da magariba ba a fitar da ko cokali ba, sai dai yanzu taga ba ta buɗuwa.

Ana cikin haka baƙo zai yi sallama daga Kalfu ko Takanamat. Ɗan yaya ne, ya samu shiga Jami'ar Jibo Hamani, zai ɗan zauna kwana biyu kafin ya samu wuri. Sai ya gama digiri. Korarsa abin kunya ne, sayar da kujera kuma ya fi kunya. Saboda haka daga Afrilu kowa ya ɗauki tabarma ya yi tsakar gida, kusa da ragon layya. In hadarin Agusta ya taso cikin dare, a ruga ciki a kwana a tsaye.

Abin mamaki, ba mu da nisa da malamai. Hau hanyar Abalak ka ga Buzuwa ta kwance gidanta duka, gado da tabarmi da turaku, ta ɗora wa jakuna kafin hantsi. Ita tana tambayar amfanin abu. Mu muna tambayar abin da mutane za su ce.

Ƙarshe maigida ya yanke shawara irin ta maza: zai kama ɗakin da ke kusa, iyali su sha iska. Kafin ya biya kuɗin wata, Hajiya ta kwashi adashe, kafinta ya zo da igiyar awo.