Kishiyoyi a Kan Data Ɗaya

A gidajen Kontagora da Allah Ya azurta da kwamfuta biyu, intanet ɗin guda ne, kuma mazauninsa wayar maigida. Sai a kunna mata hotspot a jingine ta a taga, can inda sabis ke leƙowa, a tokare da kwalbar man shafawa kada ta sulluɓe.

Daga nan zaman kishi ya fara. Uwargida, tsohuwar kwamfutar Baba, saƙo kawai take aikawa, ba ta da ci. Amarya kuwa ta Yaya ce, ɗalibin Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wanda ya rantse cewa aikin makaranta yake yi. Wane malami ne yake ba da aiki a YouTube da ƙarfe ɗayan dare, kuma da sharhin wasan Arsenal a ciki?

Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Kwamfuta idan ta ji Wi-Fi sai ta ɗauka sadaka ce, ta shiga sabunta kanta a ɓoye, gig biyu ya tafi kafin a idar da sallar isha'i. Akwai wurin da ake gaya mata cewa datar nan a ƙirge take, amma wa ya taɓa nemansa?

Baba dai ya canza kalmar sirri ranar Juma'a. Da yake ba ya riƙe lamba a ka, sai ya kira Yaya: "Zo ka rubuta mini ita a bayan kalanda."