Masu Jirgin Ƙasa a Kan Tebur

A Ingila akwai dattawa masu cikakken hankali, masu jikoki, waɗansu ma tsofaffin likitoci da akantoci, da za ka tarar sun durƙusa a gareji suna hure ƙura daga layin dogon da faɗinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Ba taɓuwa ba ce. Sha'awa ce mai dogon tarihi: tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje ƙananan jiragensa da layukansu a kasuwar Leipzig, a 1910 kuma masu wannan sha'awa suka kafa kulob a Landan, wanda yake nan har gobe kusa da tashar King's Cross. Aikin a baki ba wuya. Ka nemi allon katako, ka shimfiɗa layi, ka ja wuta, ka gina tasha da gidaje da tuddai, jirgi ya zagaya. Sai dai kafin jirgi ya hau allon, halin mai shi ne yake fara hawa, kuma sau da yawa ba ya barin wuri.

Ga mai taswira. Shekararsa shida da shiga harkar, amma har yanzu sabon shiga ne, domin bai taɓa kafa ƙusa ɗaya ba. Yana da tarin mujallar Railway Modeller da ya kai masa gwiwa. Ya haddace tsarin tashar nan mai suna Minories da Cyril Freezer ya zana a 1957, har yana iya nuna maka inda shi Freezer ɗin ya yi kuskure. Duk daren Allah yana gaban kwamfuta yana matsar da kwana ɗaya hagu, gobe ya maido ta dama. Ka tambaye shi yaushe za a fara, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ai saura ƙiris, ɗan'uwa. Ƙofar ɗakin ce ta ɓata mini lissafi." Wannan ƙofa tun ranar da aka gina gidan take wurin. Ciwonsa ya ƙaru ne bayan ya je Hamburg ya ga Miniatur Wunderland, wanda tagwayen nan Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai layin da tsawonsa ya haura kilomita 16, ga filin jirgin sama da ƙananan jirage ke tashi suna sauka. Ya dawo gida ya dubi ɗan ɗakinsa, ya yaga duk abin da ya zana. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, amma shi hangen ya ishe shi.

Maƙwabcinsa mai saye ba shi da wannan damuwa. Shi bai san zane ba, ya san kanti. Kan jirgi goma sha, taragai ba adadi, duk suna cikin kwalayensu a bayan kabad inda uwargida ba ta kaiwa. Ba wanda ya gaya masa cewa jiragen nan aji-aji ne: akwai O mai layin milimita 32, akwai OO da HO masu 16.5, akwai N mai 9, har da Z da Märklin ya fito da shi a 1972. Abin da ya ba shi sha'awa kawai yake ɗauka. Ranar da ya zazzage kayan a ƙasa sai ga fasinjan roba ya fi ƙofar tashar tsawo.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne mai gaggawa, don shi aƙalla ana ganin aikinsa, kuma ana jin ihunsa. Ranar Asabar da safe ya sayo falange mai ƙafa 8 a tsaye, 4 a kwance, irin wanda kusan kowane sabon shiga yake farawa da shi. Kafin azahar ya jingina shi da bango, ya buga layi da ƙusa. Kafin la'asar ya gina dutse da takarda da filasta, ya huda kogo a ciki, ya shafe ko'ina ruf. Bai gwada jirgin ba tukuna, saboda a ganinsa gwaji ɓata lokaci ne. Sai ya zo kan tsakuwar da ake zubawa tsakanin katakan layi. Ƙa'idarta sananniya ce: a dama farin gam da ruwa, rabi da rabi, a ɗiga ruwan sabulun wanke kwano don ya ratsa, a bi a hankali da ɗigo-ɗigo, a kauce wa mahaɗar da ke karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Shi kuwa sai ya tuttula. Washegari mahaɗun nan duk sun daskare, jirgi bai da zaɓi sai hanya ɗaya, ita ma tana kai shi cikin kogo ne. Nan ya goce ya kwanta. Kogon yana can jikin bango, ƙafa huɗu daga inda mai shi yake tsaye, hannun ɗan Adam kuwa da ƙyar yake wuce ƙafa biyu da rabi. Ya gwada sandar tsintsiya, ya gwada maratayin riga, daga ƙarshe ya hau kan allon da gwiwa ya murƙushe cocin ƙauyen. Sauri ya haifi nawa.

A kulob kuma akwai wanda ke jiran irin wannan bawan Allah, wato mai ƙirga ƙusa. Ya fi kowa ilimi, wannan ba musu, kuma da ilimin yake hana mutane barci. Za ka kawo ɗan jirginka kana murna, ya sunkuya ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, wannan kan jirgin bai taɓa bin wannan layin ba. Wannan koren fentin ma sai bayan 1948 aka fara shafa shi." Babban makaminsa shi ne asirin OO. Jiragen Birtaniya na gaskiya sun fi na Turai da Amurka ƙanƙantar jiki, to a farkon zamanin ƙananan jiragen lantarki injin ba ya shiga cikinsu idan an rage su sau 87 kamar HO. Sai masu ƙira suka ƙara girman gangar jikin zuwa kashi ɗaya cikin 76, suka bar layin a milimita 16.5. Ma'ana, layin da mafi yawan Turawan Ingila ke wasa da shi ya gaza na gaskiya da kusan inci 7 idan an buɗa lissafin. Miliyoyin idanu sun kalla ba su lura ba. Shi ya lura, ya kuma ƙaura zuwa P4 mai milimita 18.83, inda mutum yake sauya ƙafafun kowane tarago, yana liƙa layinsa da dalma da hannunsa. Saboda milimita biyu da ɗoriya ya yi shekara huɗu yana gina abin da bai kai tsawon tabarma ba. Kyakkyawa ne ƙwarai, gaskiya. Jirgi ne dai ba ya son tsayawa a kai.

Mai waya ba a ganin fuskarsa, sai tafin ƙafarsa da ke leƙowa daga ƙarƙashin tebur. An gaya masa tsarin sarrafa jirage na DCC waya biyu kawai yake buƙata. Yanzu yana da ɗari biyu, dukansu ja.

Sai uban da ya sayo wa ɗansa kwalin kamfanin Hornby mai jirgin Flying Scotsman a ciki ranar Kirsimeti. "Na yaro ne," in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba. Yaron ya riƙe makunnin na minti uku, ya murɗa shi har ƙarshe kamar yadda kowane yaro zai yi, jirgi ya yi tsalle a kwana ya bi ƙarƙashin kujera. Daga ranar aka kafa doka: ana kallo da ido, hannu a baya. Ba a jima ba aka ɗauke layin zuwa ɗakin ƙarƙashin rufi, aka sa kwaɗo. A can zafin bazara yake miƙar da ƙarfen layi har ya tanƙware, sanyin hunturu ya buɗe masa giɓi, uban yana hawa tsani da fitila yana gyara. In uwargida ta yi ƙorafi sai ya kawo mata Rod Stewart, mawaƙin da ya yi shekara 23 yana gina birnin Amurka na shekarun 1940 a saman gidansa. Ita kuma ta ce, "Maigida, shi wannan da kuɗin waƙa ya yi. Kai da kuɗin labulena kake yi."

Akwai kuma wanda ba ruwansa da kowa. A kan allonsa jirgin tururi yana jan taragan Japan, raƙumin dawa yana jiran bas a kan gada, motar kashe gobara ta nufi gidan da ba wuta. Mai ƙirga ƙusa in ya zo wucewa sai ya kau da kai. Shi kuwa yana da amsa ɗaya da masu harkar suke kira doka ta farko: layina ne, abin da na ga dama shi zai bi ta kai. Jirginsa yana tafiya kullum, sai fa in kyanwar gidan ta riga shi zuwa, ta miƙe a kan tasha. A irin wannan rana yakan sanar da fasinjojin roba cewa an soke jirgin ƙarfe huɗu, ya tafi ya dafa shayi.